Birkin Bobboi Direba

Duk wanda ya yi zirga-zirga a motar haya tsakanin Gashuwa da Nguru shekarun baya ya san Bobboi Direba, ko da bai riƙe sunansa ba. Shi ne dogon Bafulatanin nan siriri da ba ya tayar da mota sai ya tuɓe takalmansa. Idan fasinja ya tambaye shi dalili, sai ya ce da tafin ƙafa ake sauraron mota, wanda ya sa takalmi kuwa ya toshe kunnensa ne. Ba wanda ya taɓa gamsuwa da wannan bayani, amma kuma ba wanda ya taɓa sauka daga motarsa da ko ƙwarzane.

A wata ruga aka haife shi, can wajen Dapchi, kuma da abin ya tafi yadda mahaifinsa ya so, da har ya tsufa ba abin da zai riƙe sai sanda. Shekarar da ciwon bushiya mai kashe shanu ya shigo ƙasar, garkensu ya ƙare cikin 'yan watanni. Bobboi yana saurayi ya gangaro Gashuwa neman abin da zai kai gida, ƙafa ta kai shi tashar mota. Ya yi lodi, ya yi wanki, ya yi karen mota a wata tsohuwar Fijo, har maigidansa ya gaji da ganin yana leƙen giyar mota, ya sakar masa sitiyari wata rana a bayan gari.

Ya bar kiwo, amma kiwo bai bar idonsa ba. Hanyar Nguru ta shanu ce tun kafin a zuba mata kwalta, kuma har gobe ba su san an yi canji ba. Sauran direbobi sai sun ga saniya a tsakiyar titi suke neman birki. Bobboi kuwa tun daga nesa yake duban kunnen wadda ke gaba. Idan ya ga ta juya shi, ya san ta yanke shawarar tsallakawa, ƙafarsa ta riga ta sauka. Fataken bandar kifi masu saurin kama kasuwa sun sha yi masa tsiya, wai da shiga motarsa gara mutum ya hau jaki. Sai ya yi murmushi ya ce ƙofa a buɗe take. Babban abin alfaharinsa a duniya shi ne tsawon zamansa a kan hanyar nan bai taɓa buge dabba ba, ko kaza, kuma ba ya gajiya da faɗin haka ko an tambaye shi ko ba a tambaye shi ba.

Da girma ya kama shi ya bar haya, babban ɗansa Mahfuz da ke aiki a Kano ya aiko masa da wata Korola mai ruwan toka, wai ya riƙa zuwa masallacin Juma'a. Ina! Bobboi ya mayar da ita motar unguwa. Mai naƙuda, mai zuwa ta'aziyya unguwar Katuzu, tsohuwar da za ta karɓo magani, duk ƙofarsa suke bugawa, shi kuma ba abin da yake so kamar a buga. Duk ranar kasuwar Nguru yakan ɗauki matarsa Nagoggo ya kai ta gidan ƙanwarta, ya tsaya a tasha a gaisa da tsofaffin abokan aiki, a dawo kafin la'asar ta yi sanyi. Autarsa Rahima ma'aikaciyar jinya ce a asibitin garin, ta koyi tuƙi tun tana makaranta, har da lasin ɗinta. Kullum a Keke mai ƙafa uku take tafiya aiki, ta wuce motar a ƙofar gida. In ta ce, "Baba, yau dai ka ara mini," sai ya ce mota ba mayafi ba ce da ake aro. Makullin yana ɗaure da igiya a aljihun 'yar cikinsa, ko wanka zai shiga da shi yake shiga.

Ita Rahimar ce ke kula da ciwon sukarin da ya kama shi. Ita ke hana shi shayi mai kauri, ita ke ƙirga masa magani. Abu ɗaya ne ya gagare ta. Duk lokacin da ta ce, "Baba, miƙo ƙafar in duba," sai ya janye ta cikin riga ya ce ƙafar da ta taka dajin Dapchi ba ta buƙatar likita.

A bazarar bara abin ya faru. Suna dawowa daga Nguru shi da Nagoggo, sun ɗan wuce Jajimaji, garke ya ɓullo daga hagu. Bobboi ya ga kunnen ta gaba ya juya, ya gani sarai kamar kullum. Amma motar ba ta tsaya inda ya nufa ba. Ta ƙara gaba, ta ture wani ɗan maraƙi ja, ya faɗi ya tashi yana ɗingishi yana kiran uwarsa. Makiyayin, wani dattijo, ya zo ya shafa ƙafar maraƙin, ya ga ba karaya. Da ya ɗago ya ga fuskar direban sai ya juya harshe zuwa Fulatanci, ya ce ba komai, Allah Ya kiyaye gaba. Da zaginsa ya yi da ya fi wa Bobboi sauƙi. Da suka iso gida, abincin rana ma ya ce a rufe.

Nagoggo ba mace ce mai yawan magana ba, amma ta san lambar ɗanta. Washegari Mahfuz ya kira, ya yi ta kewaye-kewaye irin na ɗan da ke jin nauyin ubansa, daga ƙarshe ya ce, "Baba, ko za ka huta haka nan? Ga Rahima nan, in tana aiki sai a nemo direba."

"A nemo wa Bobboi direba?" Ya ce da ƙarfi har kaji suka watse a tsakar gida. "Birki ne ya ci amanata. Birkin zamani duk kwali ne."

"To a gyara birkin, Baba. In an gyara abin bai sake ba, shi ke nan. In kuwa ya sake, don Allah ka ba da makullin."

Bobboi ya amsa da to, don ya tabbata, ko kuma yana so ya tabbata, cewa laifin ƙarfe ne. Tun daga ranar ba shi da wani tunani sai na birkin da zai bar masa makullinsa.

Ya tafi shagon Hizbullahi mai sayar da kayan mota a bakin tasha, ya zauna a benci ya ce shi birkin da ya fi kowanne kamawa a duniya yake so. Hizbullahi ya zaro waya yana nuna masa hotuna. Ya ce birkin gaba abu biyu ne, akwai faifan ƙarfe da ke juyawa tare da taya, akwai kuma fad, 'yan ƙullayen nan biyu da ke matse faifan idan an taka. Ga fad mai laushi na yawon gari, ba ƙara, ba cin faifai. Ga mai haɗin ƙarfe, ya fi cizo, ya fi jure lodi. Bobboi yana ta girgiza kai har yatsan Hizbullahi ya kai kan wasu jajaye masu ƙyalli, a gefensu ga faifai mai huji-huji da tsaga-tsaga.

"Tsaya nan. Waɗannan fa?"

"A'a, Baba, waɗannan na motocin tsere ne. Ba sa kamawa sosai sai sun ɗauki zafi."

Bobboi ya dube shi, ya dubi titi inda kwalta ke ta narkewa tana maiƙo, sai ya fashe da dariya har da buga cinya. "Zafi? Hizbullahi, a wane gari kake zaune? Waɗanda suka ƙera shi ƙanƙara ce ke damunsu. Mu nan zafi kyauta Allah Ya ba mu, har ya yi mana yawa. Ai wannan birkin don mutanen Yobe aka yi shi, su ne ba su sani ba."

Hizbullahi ya yi iya bakin ƙoƙarinsa, amma wa zai ja da mutumin da ya fara tuƙi tun ba a haife shi ba? Bayan 'yan kwanaki kaya suka iso daga Kano, Bobboi ya rungume kwalin ya nufi garejin Gaji.

Gaji bakanike Babarbare ne, gajere, kakkaura, da tsage a kumatu. Samari a garejin Ba Gaji suke ce masa, wato Baba Gaji. Shi ke gyara wa Bobboi mota tun zamanin Fijo, kuma tun zamanin ba su taɓa yi wa juna magana mai daɗi ba, don wasan Fulani da Barebari ya fi ƙarfin gaisuwa. Gaji bai taɓa kiransa da sunansa ba, ɗan daji yake ce masa. Shi kuma Babarbare kawai yake cewa, kamar duk garin shi kaɗai ne. Kowa ya san in ɗayansu ya kwanta ciwo ɗayan ne farkon zuwa, ya zauna a bakin gado yana tambaya ko an rubuta masa gado.

Gaji ya tare shi da gaisuwar Barebari: "Wushe, ɗan daji. Me ka sato?"

"'Yan uwanka na kawo maka." Bobboi ya zaro faifan ya ɗaga shi a rana. "Duba, har tsagen gidanku ne a fuskarsa."

Gaji ya karɓa ya jujjuya, ya sa ɗan yatsa a huji ɗaya. "Shi ya sa ya fi ƙarfinka. Wannan na masu gudu ne, kai da kunkuru ke ba ka hanya don tausayi. Ramukan nan kuwa rairayin Katuzu za su sha. Ni in ka tambaye ni, ba birki ne ya tsufa ba, mai taka shi ne."

Duk garejin aka kwashe da dariya, har da Bobboi. Matsalar wasan nan ke nan. Yana ba mutum damar faɗin duk abin da ya ga dama, amma yana ba wanda aka faɗa wa damar ya ce ai wasa ne. Gaji ya ɗaura kayan yana mita.

Mutanen unguwar Bobboi ba za su manta da makon da ya biyo baya ba. In ya taka birki a bakin layi, ƙarar sai ka ce ana wasa wuƙa a kan dutse, yara su toshe kunne, awaki su tsinke igiya. Da rana tsaka yakan fitar da motar daga inuwar darbejiya ya ajiye ta a fili, tayoyin gaba suna fuskantar rana, wai birki na shan zafi. Nagoggo ta leƙo ta ce, "Malam, shanya ta ake yi kamar kuɓewa?" Ya ce mata ba za ta gane ba. Ya kai wata maƙwabciya Katuzu, ramukan faifan suka cika da rairayi kamar yadda Gaji ya faɗa, ya dawo motar tana gurza. Sai kuma wata safiya, ƙarfe yana da sanyinsa, ya zo tsayawa a ƙofar masallacin unguwa zai ɗauki liman zuwa ɗaurin aure. Ya taka, motar ta yi kamar ba da ita ake ba, ta bi ta kan butocin alwala da aka jera, ta tattake su tas.

Ya isa gareji a fusace, ya diro daga mota ko takalmi bai tsaya sawa ba. Amma a ƙasan fushin akwai wani ɗan farin ciki da shi kansa ba zai yarda da shi ba. Yanzu kam kowa ya shaida laifin birki ne, har liman.

Gaji ya ce, "Zafin da ake nufi irin na maƙera ne, ɗan daji, wanda ƙarfe ke yin ja. Sai ka yi gudun da ba ka taɓa yi ba, ka taka, ka sake, ka taka. Ranar Gashuwa ko shayi ba za ta dafa wa wannan fad ɗin ba."

Yana cikin magana idonsa ya sauka ƙasa. A kan rairayin garejin akwai ɗigon jini, yana bin sawun Bobboi tun daga ƙofar mota.

"Ɗaga ƙafarka ta dama."

Wani guntun waya ne ya shige tafin ƙafar, ya yi zurfi. Bobboi ya leƙa yana mamaki kamar ƙafar wani ce. Ya ce kaushi ne, kaushi ba ya jin ƙaya. Gaji ya buɗe baki, maganar kofato ta zo masa har kan harshe, sai ya haɗiye ta. Ya zare wayar da kansa, ya wanke wurin, ya ɗaure da tsumma mai tsabta, ya ce a nuna wa Rahima yau ɗin nan. Sannan ya ce a bar masa motar, wannan karon shi zai zaɓi kayan.

Abin da ya zaɓa ba shi da kyan gani ko kaɗan. Faifai ne sumul, mai nauyi, ba huji ba tsaga, sai fad mai kyau na hanya, irin wanda ke cizo tun takun farko ko da sanyin safiya. Ya zubar da tsohon man birki ya zuba sabo, ya duba robobi, ya duba tayoyin baya. Bai bar wa birkin nan wata kafa da za a ce laifinsa ne ba. Ya san abin da yake yi, kuma bai ji daɗin yinsa ba. Da ya bar ɗan aibu kaɗan, da abokinsa ya samu abin fakewa na wata shekara.

Gaji yana da al'ada, ba ya sallamar motar da ya sa wa sabon birki sai ya fita da ita hanya. Yakan ce fad da faifai baƙin juna ne, sai an gabatar da su. Da ƙafar Bobboi ta warke suka fita da hantsi ta hanyar Nguru, Gaji na tuƙi yana miƙa wuya don ya hango gaba. Inda hanya ta miƙe ba kowa, ya riƙa ɗaukar gudu yana ragewa, ba ya bari ta tsaya cak, har warin sabon fad ya shigo motar. Ya yi tafiya a hankali ƙarfen ya huce. Sannan ya ce wa Bobboi ya bugi gaban motar duk lokacin da ya ga dama.

Bobboi ya bari sai da Gaji ya shagala da magana, ya kai duka. Motar ta dafe a wurin, hularsa ta faɗo kan cinyarsa.

"Yauwa!" ya ce, fuskarsa ta washe. "Wannan shi ne birki. Tashi ka ba masu abin wurinsu."

Suka yi musanya. Bobboi ya gyara zama, ya ɗauki hanya, itatuwan goriba suna wucewa ta gefe. Gaji ya buga. Ƙafar ta tashi daga totur nan take, wannan kam ba ta makara ba. Sai dai ta sauka a gefen birkin, ta zame, ta lalubo, sannan ta samu. Motar ta tsaya da kyau, amma can gaba, nesa da inda ya kamata.

"Ban shirya ba," in ji Bobboi. "Sake."

Aka sake. Wannan karon ya taka tsakiya, amma bai san ya taka ba, ya ɗaga ya sake nema. A na gaba kuwa, da Gaji ya buga, Bobboi ya ji kansa ya sunkuya. Ya ɗauke ido daga hanya ya dubi ƙasa, yana neman birki da ido, abin da tun yana karen mota yake yi wa sababbin direbobi dariya a kansa.

Ya gangara gefen titi ya kashe mota. Ba motsin komai sai kukan kurciya daga cikin goriba. Ya riƙe sitiyari da hannu biyu yana jira. Jira yake Gaji ya yi masa tsiya, ya ce Bafulatani ya manta inda ya ajiye ƙafarsa, ko wani abu mai kama da haka. Da ya faɗa, da sun yi dariya, ya rama, su koma gida da makulli a aljihunsa. Bai taɓa son jin zagin Babarbaren nan kamar yau ba.

Gaji ya dubi hannuwansa masu baƙin mai. Sannan ya ce, a hankali, "Malam Bobboi, birkin nan lafiyarsa ƙalau."

Sunan ne ya karya shi. Idanunsa suka kawo ruwa, bai kuma ɓoye ba.

"Tun daminar da ta wuce," ya ce. "Kamar a kan auduga nake tafiya. Ina ganin saniyar, Gaji. Wallahi ina ganinta tun kafin ta motsa. Ƙafar ce ba ta gaya mini komai."

"Na sani."

"Shanu sun tafi, na ce to ga mota. Yanzu in na ba da wannan, me zan ce ni ne?"

Gaji ya juyo gare shi. Ya ɗora hannunsa a kafaɗar abokinsa ya bar shi a nan. Wata babbar mota ta wuce da lodin buhuna, iskarta ta girgiza su.

Can Bobboi ya share fuska da hannun riga, ya yi gyaran murya. Muryar da ta fito ta tsohon direba ce mai duba mota kafin tafiya.

"Wannan fad ɗin, ka ce yana kamawa da sassafe? Ko an fito aikin safe ƙarfe da sanyi?"

"Tun takun farko."

"Ba sai an danna da ƙarfi ba? Ko ƙafar ba ta da nauyi?"

"Ko da ɗan yatsa aka taɓa."

Bobboi ya gyaɗa kai. Ya buɗe ƙofa ya fito, ya durƙusa a kan tsakuwa, ya cusa hannu ƙarƙashin kujerar direba yana jan wani ƙarfe. Ƙarfen ya ƙi motsi. Tun ranar da motar ta zo aka tura kujerar ƙarshen baya saboda dogayen ƙafafunsa, ba a sake taɓa ta ba, ƙasa da tsatsa sun riƙe ta.

"Kana da mai a motar nan? Zo ka taya ni. Rahima ba za ta kai ba a haka."

Gaji ya ɗauko 'yar gorar baƙin mai a but, ya ɗiga a kan layin kujerar. Tsofaffin biyu suka durƙusa a bakin titi, ɗaya na ja, ɗaya na turawa daga baya, suna nishi. Kujerar ta yi ƙara ta matsa kaɗan. Bobboi ya auna tsakaninta da birki da hannunsa, ya girgiza kai.

"Ƙara. Gajartar uwarta ta ɗauko."

Suka ƙara turawa har ta shige gurbinta. Bobboi ya jijjiga ta ya ji ta kama. Ya so ya gwada da kansa ko ta zauna daidai, ya sa ƙafa ɗaya ciki ya sunkuya, sai gwiwarsa ta tokare da sitiyari. Ya gwada ta wani gefen, nan ma ba hanya. Ya ɗan tsaya a haka, rabinsa a ciki rabi a waje. Sannan ya zaro ƙafarsa a hankali, ya bar wa Gaji ƙofar a buɗe, ya zagaya ta ɗaya gefen.